Herbert Chapman (1878–1934): Wanda Ya Koya wa Arsenal Cin Kofi

Duk inda magoya bayan Arsenal suka taru bayan an tashi wasa, a gidan kallo a Kano ne, ko a teburin mai shayi a unguwar Nima cikin Akkara, ko a arewacin Landan inda ƙungiyar take, musun nasu bai cika sauyawa ba. Wani ya ce koci ne ya yi kuskure wajen jera 'yan wasa, wani ya ce baya ce ta yi sakaci, wani kuma ya rantse da an sa wane tun farko da ba a sha kashi ba. A ƙarshe dai laifin kan koma kan koci. Shekaru ɗari da suka wuce ba haka abin yake a Ingila ba. A yawancin ƙungiyoyi kwamitin shugabanni ne ke zaɓen waɗanda za su buga wasa, manaja kuwa bai wuce sakatare ba, aikinsa rubuta wasiƙu da biyan albashi da sayen tikitin jirgin ƙasa. Idan an shiga fili, 'yan wasa su san yadda za su yi da kansu. Mutumin da ya fi kowa taka rawa wajen sauya wannan tsari shi ne Herbert Chapman.

An haife shi ranar 19 ga Janairu, 1878, a Kiveton Park, wani ƙauye na masu haƙar kwal a yankin Yorkshire. Mahaifinsa mahaƙi ne, kuma su goma sha ɗaya ne a gidan. A irin waɗannan ƙauyuka yaro na tasawa sai ya bi ubansa cikin rami, amma Herbert ya samu ya yi karatu, har ya koyi aikin injiniyan ma'adinai a kwalejin fasaha ta Sheffield. A ƙwallo kuwa ba shi ne gwanin gidan ba. Ƙanensa Harry ne ya yi suna, ya ci gasar lig sau biyu da ƙungiyar Sheffield Wednesday. Shi Herbert yawo ya yi ta yi daga wannan ƙungiya zuwa waccan, daga Grimsby zuwa Swindon, daga Notts County zuwa Tottenham, galibi yana zaune a ƙungiya ta biyu. Duk tsawon rayuwarsa ta ɗan wasa bai buga wasa 40 a babbar gasar ƙasar ba.

A 1907, yana da shekara 29, ƙungiyar Northampton ta ɗauke shi ya zama ɗan wasa kuma manaja. Shekaru biyu a jere ita ce ta ƙarshe a gasar kudancin Ingila. A nan ya lura da wani abu wanda ya zama ginshiƙin tunaninsa har ya mutu: ƙungiya kan iya mamaye abokiyar karawarta, ta yi ta kai hari tun daga farko har ƙarshe, amma a tashi ita aka ci. Dalili kuwa, idan aka tura abokan karawa suka cunkushe a bakin ragarsu, babu sauran gurbin da ƙwallo za ta bi. Sai ya umarci 'yan tsakiyarsa su riƙa ja da baya, domin su janyo abokan karawa su fito, a samu fili a bayansu. A kakar 1908–09 Northampton ta zama zakara. A can ne kuma, a 1911, ya sayi Walter Tull daga Tottenham, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka buga ƙwallon sana'a a Ingila, wanda daga baya ya zama hafsan soja aka kashe shi a Faransa a 1918.

Daga Northampton ya koma Leeds City a 1912, inda ya kusa rasa sana'arsa baki ɗaya. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi zafi, sai ya bar ƙungiyar a 1916 ya tafi shugabancin wani sashe na masana'antar harsasai a Barnbow, kusa da Leeds. Bayan yaƙi aka zargi ƙungiyar da biyan 'yan wasa kuɗi ta bayan fage a lokacin da doka ta hana. Shugabanninta suka ƙi miƙa littattafan kuɗi, hukuma ta kore ta daga gasa a 1919, aka yi gwanjon 'yan wasanta a wani otal kamar kayan gado, aka kuma haramta wa Chapman shiga harkar ƙwallo har abada. Ya koma aiki a wata masana'antar mai a garin Selby. Sai da ƙungiyar Huddersfield ta nemi ɗaukarsa aka ɗaukaka ƙara, ya kafa hujja da cewa yana Barnbow sa'ad da aka yi abin, sannan aka janye hukuncin.

Ya kama aiki a Huddersfield a 1921. Garin masaƙu ne, mutanensa sun fi son wasan rugbi, ƙungiyar kuma ba ta taɓa cin babban kofi ba. A 1922 ta ɗauki Kofin FA. A 1924 ta ci lig da ƙyar da jiɓin goshi: ita da Cardiff kowacce na da maki 57, sai da aka raba ƙwallayen da kowacce ta ci da waɗanda aka ci ta kafin a san zakara, kuma da Cardiff ba ta ɓarar da fenariti a wasanta na ƙarshe ba, da kofin ya tafi Wales. A 1925 Huddersfield ta sake ci, ƙwallo 28 kawai aka zura mata a wasa 42.

A wannan shekara ce shugaban Arsenal, Sir Henry Norris, ya ba da sanarwar neman manaja. Arsenal ta wancan lokaci ba abin tinƙaho ba ce. Ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa ta a Woolwich a 1886, ta ƙaura zuwa Highbury a 1913, ba ta taɓa cin lig ko Kofin FA ba, kuma a kakar da ta gabata ta 20 ta zo cikin ƙungiyoyi 22. Chapman ya bar zakarun ƙasa ya zo wurinta a kan albashin fam 2,000 a shekara, ya kuma gaya wa shugabanninta cewa ginin zai ɗauki shekara biyar. Ɗan wasan da ya fara saye shi ne Charlie Buchan na Sunderland, mai shekara 33. Cinikin ya zama abin labari: fam 2,000 a hannu, da ƙarin fam 100 a kan kowace ƙwallo da zai ci a kakarsa ta farko. Buchan ya ci 21.

Zuwansa ya yi daidai da sauyin dokar satar gida. Kafin 1925, dole ne ɗan gaba ya kasance da abokan karawa uku tsakaninsa da layin raga a lokacin da aka buga masa ƙwallo. 'Yan baya sun ƙware wajen kafa tarko da wannan doka, mutum ɗaya ya matsa gaba taku biyu, alƙalin wasa ya busa, har wasa ya zama abin gundura. Sai aka rage adadin zuwa biyu. Nan take ƙwallaye suka ɓarke kamar ruwan Agusta: a rukunin farko an ci 1,192 a kakar 1924–25, a kaka ta gaba aka ci 1,703. A lokacin kowace ƙungiya 'yan baya biyu take sawa, da 'yan tsakiya uku, da 'yan gaba biyar. Mutum biyu ba za su iya tare biyar ba tunda tarkon ya lalace.

A watan Oktoba na 1925 Newcastle ta lallasa Arsenal da ci bakwai da nema. Bayan wasan aka zauna, Buchan ya sake kawo shawarar da ya daɗe yana kawowa, wato a janye ɗan tsakiya na tsakiya ya koma baya, aikinsa kawai ya tsare ɗan gaban abokan karawa. Chapman ya yarda, amma ya ga cewa janye mutumin zai bar rami a tsakiyar fili, don haka ya janyo ɗaya daga cikin 'yan gaba ya cike gurbin, ya riƙa karɓar ƙwallo daga baya yana rarrabawa. Bayan kwana biyu suka ci West Ham huɗu da nema. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sannu a hankali tsarin ya zauna a kan 'yan baya uku, 'yan tsakiya biyu, wasu biyu a gabansu, da 'yan gaba uku. Wanda ya dubi fili daga sama zai ga na gaba sun yi siffar harafin W, na baya sun yi siffar M, shi ya sa ake kiran tsarin WM.

Magoya bayan Arsenal kan ce Chapman ne ya ƙirƙiro ɗan baya na uku. Wannan ya wuce gona da iri, domin wasu ƙungiyoyi sun gwada hakan a kakar nan. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne bai tsaya a toshe ƙofa ba, ya mayar da tsaron gida mafarin hari, sannan ya yi haƙuri ya nemo mutumin da ya dace da kowane gurbi. Ya sa Herbie Roberts a tsakiyar baya, ya ɗauko Eddie Hapgood daga ƙaramar ƙungiyar Kettering. A 1928 ya biya Bolton sama da fam 10,000 a kan David Jack, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan ƙwallo ba a duniya. A 1929 ya kawo Alex James daga Preston, gajeren mutumin Sikotilan mai dogon wando, ya hana shi neman cin ƙwallo, ya ce ya tsaya a tsakiya ya riƙa ciyar da wasu. James ya yi ta gunaguni kafin ya saba. Da an ƙwace ƙwallo sai a miƙa masa, shi kuma ya cilla ta ga Joe Hulme a dama ko Cliff Bastin a hagu. 'Yan gefe na zamanin layi suke bi har kwana sannan su bugo ƙwallo tsakiya, amma Chapman ya ce su karkato ciki su buga raga da kansu. Bastin, wanda aka saya yana ɗan shekara 17, ya ci wa Arsenal ƙwallo 178, kuma babu wanda ya wuce shi sai Ian Wright a 1997.

A 1927 sun kai wasan ƙarshe na Kofin FA, Cardiff ta ci su ɗaya da nema bayan ƙwallo ta suɓuce wa mai tsaron gida. A Afrilun 1930, shekara biyar cif kamar yadda ya faɗa, suka koma Wembley suka ci tsohuwar ƙungiyarsa Huddersfield biyu da nema. Shi ne babban kofi na farko a tarihin Arsenal. A kaka ta gaba suka ci lig da maki 66 da ƙwallo 127, suka zama ƙungiyar kudancin Ingila ta farko da ta yi haka. Duk da haka magoya bayan sauran ƙungiyoyi sa'a suke danganta wa Arsenal, domin sukan ga ƙungiyarsu ta riƙe ƙwallo kusan duk wasan, sai Arsenal ta fito sau biyu ta ci biyu. Har yau ba a gama wannan musu ba tsakanin masu son a riƙe ƙwallo da masu son a jira a kai harin ba-zata. Abin dariya shi ne 'yan Arsenal da suka tashi a zamanin Arsène Wenger da Nwankwo Kanu galibi suna ɓangaren farko, alhali kuwa wanda ya kafa gidan yana ɓangare na biyu.

Hankalinsa bai tsaya cikin fili ba. Ya kafa taron mako-mako inda 'yan wasa ke zama gaban allo mai hoton fili, kowa ya faɗi ra'ayinsa. A 1928 ya sa musu riguna masu lamba, hukuma ta hana, ba ta amince ba sai a 1939. Ya nemi a riƙa wasa da dare ƙarƙashin fitilu, aka ƙi, sai bayan 1950 aka yarda. A 1932 ya shawo kan hukumar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan ta sauya sunan tashar Gillespie Road zuwa Arsenal, sunan da take amsawa har yanzu. Fararen hannaye da ke jikin jar rigar ƙungiyar shi ya ƙara su a 1933. A shekarar ce kuma ya raka ƙungiyar ƙasar Ingila zuwa Roma, inda ta yi kunnen doki da Italiya, ɗaya da ɗaya.

Mutum ne mai fara'a, mai zuwa coci, amma ba ya yafe abin da ya ɗauka zubar da mutuncin ƙungiya ne. A Janairun 1933 Walsall, wadda ke rukuni na uku, ta fitar da Arsenal daga Kofin FA da ci biyu da nema. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wani matashin ɗan baya, Tommy Black, ya yi mummunar ƙeta da ta jawo fenariti a wasan. Cikin mako guda Chapman ya sayar da shi ga Plymouth, bai sake sa rigar Arsenal ba. A ƙarshen kakar suka sake ɗaukar lig.

A farkon Janairun 1934 ya tafi arewacin Ingila kallon wasanni cikin tsananin sanyi, ya dawo da mura. Bai kwanta ba, ya tafi Guildford kallon ƙungiyar matasan Arsenal. Murar ta koma ciwon huhu, wato namoniya, kuma a wancan zamani babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau. Ya rasu a gidansa da ke Hendon da asubar 6 ga Janairu, yana da shekara 55, ya bar matarsa Annie da 'ya'ya huɗu. A ranar Arsenal na da wasa da Sheffield Wednesday a Highbury, 'yan kallo da yawa a hanyarsu ta zuwa fili suka ji labari. 'Yan wasansa ne suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa makabartar cocin St Mary a Hendon.

Ƙungiyar da ya bari ta ci lig a 1934, ta sake ci a 1935, sau uku ke nan a jere, abin da kafin ita Huddersfield ce kaɗai ta taɓa yi, daga 1924 zuwa 1926. A Nuwamban 1934, da Italiya mai riƙe da Kofin Duniya ta zo Highbury, bakwai daga cikin 'yan wasan Ingila goma sha ɗaya 'yan Arsenal ne, kuma Ingila ta yi nasara da ci uku da biyu. Ƙungiyar ta bar Highbury a 2006 ta koma filin Emirates, a Disambar 2011 kuma aka kafa mutum-mutumin Chapman na tagulla a harabar sabon filin, rana ɗaya da na Tony Adams da na Thierry Henry.