WALI ƊAN MARINA: MALAMIN DA SUNANSA YA FITO DAGA KAROFI

'Yan'uwa ɗalibai, da muka zauna tsara fastocin wannan zango a kan mutanen da Katsina ke alfahari da su, mun tambayi 'yan ajinmu ko wane ne Ɗan Marina. Mafi yawansu suka ce sunan maƙabarta ne. Wannan amsa ce ta sa muka fara da shi.

Sunansa Muhammadu. A littattafan Larabci ana kiransa Ibn al-Sabbagh, wato ɗan marini. Ya rayu a birnin Katsina a ƙarni na 17, zamani ɗaya da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Labarin baka ya nuna a gidan marini ya tashi, shi ya sa laƙabin ya bi shi.

A wancan lokaci rini babbar sana'a ce a ƙasar Hausa. Marini yakan zuba ruwa a karofi, ya haɗa baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki har su nuna. Sannan ya riƙa tsoma zane yana fitarwa, iska na bugunsa, har ya yi shuɗi sosai. Daga nan sai mabuga su buge shi ya yi ƙyalli. Irin waɗannan tufafi fatake ke ɗauka zuwa Agadas da sauran garuruwan Sahara, su kuma ayari su shigo da gishiri da takarda da littattafai. Ke nan kasuwar da rini ya raya ta taimaka wajen kawo ilimi cikin birni.

Ɗan Marina ya yi karatu mai zurfi har ya zama ɗaya daga manyan malaman Katsina. Ya yi sharhin Ishiriniya, waƙar yabon Annabi (SAW) ta Alfazazi mutumin Andalus, wadda har gobe ake rerawa a garuruwanmu. Ya rubuta waƙar Larabci mai suna Mazjarat al-Fityan, inda ya gargaɗi matasa su nemi ilimi su guji saɓo. Ya kuma yi waƙa a kan nasarar da Mai Ali na Borno ya samu a kan Kwararrafa. Shekaru fiye da ɗari bayan rasuwarsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi cikin malaman ƙasar nan a littafinsa Infaƙul Maisuri.

Kabarinsa na nan cikin Katsina, kuma maƙabartar da ke wurin sunansa ta ci. A can aka binne Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar 6 ga Mayu, 2010.

Da muka zo zana fastar, wasu suka ce a zana dattijo da rawani. Muka ƙi, domin a zamaninsa babu kyamara, kuma bai dace mu ƙirƙira wa bawan Allah fuska ba. Sai muka shafe takardar da shuɗin baba, muka zana bakin karofi a ƙasa, allo da tawada a sama, muka rubuta sunansa da ajami da boko.

Dalilinmu shi ne, a makarantar nan akwai 'ya'yan marina da masaƙa da maɗinka, kuma mun sha ganin wasu suna ɓoye sana'ar gidansu don kada a yi musu dariya. Ga malamin da duk ilimin da ya tara bai raba shi da sunan sana'a ba, da shi ake kiransa shekara fiye da 300. Duk wanda ake rini ko saƙa a gidansu, ya kawo mana ƙyalle ɗaya mu liƙa a gefen fastar.

Allah Ya jiƙan Wali Ɗan Marina, Ya ba mu albarkacin ilimi.