Mu'azu Haɗeja (1920–1958): Malami Kuma Sha'iri

An haifi Malam Mu'azu a garin Haɗeja a shekarar 1920, a gidan sarautar garin. A wancan zamani Haɗeja tana ƙarƙashin Lardin Kano, kamar yadda Dutse da Gumel da Kazaure suke, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Ya sami ilmin addini da na boko, sannan ya kama aikin koyarwa, ya yi shi a Kano. Shi mabiyin ɗariƙar Tijjaniyya ne.

Malam Mu'azu ya rayu ne a lokacin da iyaye da dama suke ɗari-ɗari da makarantar boko, suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa. Malamin makaranta a wannan hali yana bukatar ƙarfin zuciya, domin sau da yawa waɗanda yake ƙoƙarin amfanarwa su ne masu zarginsa. Maimakon ya ja baya, sai ya mayar da waƙa makamin faɗakarwa. A waƙarsa ta Ilmin Zamani ya kwaɗaitar da jama'a neman ilmi, ya nuna cewa jahilci ne ke dunƙufar da al'umma, kuma ilmin zamani ba kishiyar addini ba ne. Wannan kira ya zo daidai da gangamin Yaƙi da Jahilci da aka yi a Arewa cikin shekarun 1950.

Jaruntakarsa ta biyu ita ce faɗar gaskiya. A waƙoƙin Giya da Karuwa ya fito fili ya soki munanan ɗabi'un da suka yaɗu a birane, ba tare da tsoron wanda abin zai yi wa zafi ba. Gaskiya Ba Ta Sake Gashi kuwa tana koyar da tsayuwa a kan gaskiya komai wuya. A Birrul Walidaini ya yi jan hankali ga biyayyar iyaye, a Tutocin Shehu kuma ya tunatar da masu sauraro magabatan da suka karɓi tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, don na baya su yi koyi da juriyarsu.

Allah ya yi masa rasuwa a 1958, shekarar da Malam Sa'adu Zungur ya rasu. Bai cika shekara arba'in ba, amma waƙoƙinsa da aka tattara aka buga a Zariya, da sunan Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, sun zama abin nazari a makarantu da jami'o'i.

Ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya lura cewa matsalar da Malam Mu'azu ya fuskanta ba ta gushe ba. Har yanzu akwai ƙauyukan da ake cire yaro daga aji a tura shi gona ko talla. Wanda aka tura irin wannan wuri zai bukaci haƙuri, da lafazi mai taushi, da zuciyar da ba ta karaya idan an ƙi sauraronta a karon farko.