Warren Harding: Shugaban Amurka da Aminansa Suka Ɓata wa Suna

Warren Harding, shugaban ƙasar Amurka na 29, ya rasu yana da farin jini a wurin jama'a, amma ba a jima ba sunan gwamnatinsa ya zama abin misali wajen cin hanci da rashawa.

An haife shi ranar 2 ga Nuwamba, 1865, a jihar Ohio. Da aikin jarida ya fara, ya mallaki jaridar Marion Star, sannan ya zama sanata a 1915. A zaɓen 1920 ya samu kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u a inuwar jam'iyyar Republican.

Ya hau mulki a watan Maris na 1921, lokacin da kasuwanni suka tsaya cik, rashin aikin yi ya yi ƙamari. Tare da ministan kuɗinsa, Andrew Mellon, ya rage harajin masu manyan kuɗaɗen shiga daga kashi 73 zuwa 58. Ya kafa ofishin kasafin kuɗi na tarayya domin tsuke bakin aljihun gwamnati, kuma a 1922 ya ƙara harajin kayayyakin da ake shigowa da su.

Sai dai ɓarna ta fito ne daga cikin gida. Ministan harkokin cikin gida, Albert Fall, ya ba da hayar rijiyoyin man da aka keɓe wa rundunar sojan ruwa a asirce, ba tare da gasa ba. Harry Sinclair ya samu na Teapot Dome a jihar Wyoming, Edward Doheny kuma na Elk Hills a Kalifoniya. Fall ya karɓi kusan dala 400,000 daga attajiran biyu. Shi ma Charles Forbes, shugaban hukumar tsofaffin sojoji, ya yi sama da faɗi da kuɗin gina asibitoci.

Harding ya rasu a San Francisco ranar 2 ga Agusta, 1923, yana da shekara 57, kafin Majalisar Dattawa ta bankaɗo badaƙalar man. Kotun Ƙoli ta soke hayar a 1927. An samu Fall da laifi a 1929, ya zama minista na farko a tarihin ƙasar da aka ɗaure kan laifin da ya aikata a ofis.

Ba a taɓa tabbatar da cewa Harding ya ci ko sisi ba. Abin da tarihi ya riƙe shi da shi, shi ne damƙa amanar jama'a a hannun waɗanda ba su cancanta ba.