Barbara McClintock (1902-1992): Masaniyar da Ta Karanta Gado a Jikin Masara

An haifi Barbara McClintock ranar 16 ga Yuni, 1902, a birnin Hartford na ƙasar Amurka. Ta shiga Jami'ar Cornell a 1919, ta sami digirin digirgir a ilimin tsirrai a 1927. Tun tana ɗaliba ta duƙufa kan masara, kuma da ita ta yi kusan duk aikin rayuwarta.

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zaruruwa da ake kira kiromosom, su ne ke ɗauke da gado. Masara tana da tagwaye goma, rabi daga uwa, rabi daga uba. McClintock ta gyara dabarar rina su, har a 1929 ta iya bambanta kowane ɗaya a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu. Lokacin da tsiro zai samar da ƙurar fure da ƙwan haihuwa, ƙwayar halitta tana yin wata rabuwa ta musamman, wato meyosis, wadda ke rage adadin zaruruwan zuwa rabi. Masana sun daɗe suna zaton cewa a wannan gaɓa zaren uwa da na uba suna musayar yanki, amma zato ne da aka gina kan lissafi. A 1931 ita da ɗalibarta Harriet Creighton suka kawo hujjar ido. Sun yi amfani da kiromosom na tara wanda ke da ƙulli a kai ɗaya, da wani baƙon yanki a ɗaya kan, suka nuna cewa duk inda siffofin tsaba suka sauya abokan tafiya, to alamomin nan biyu ma sun rabu. A ganina wannan ne aikinta mafi tsabta, duk da cewa ba shi ya kawo mata lambar yabo ba.

Daga nan sai ta koma kan karyewa. A Jami'ar Missouri, inda ta yi aiki daga 1936 zuwa 1941, ta lura cewa bakin zaren da ya karye ba ya zama haka nan, sai ya nemi wani karyayyen baki ya manne masa, ya sake tsinkewa a rabuwa ta gaba. A 1941 ta koma cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor, a can ta gano wani gurbi da zare ke yawan karyewa, kuma gurbin da kansa yana iya tashi ya sauya mazauni. Wannan ne asalin dabbare-dabbaren launi da ta gani a tsabar masararta. Da ta gabatar da batun a 1951 ba ta sami masu saurare sosai ba, har ta daina buga cikakken bayaninsa bayan 1953. Sai da aka ga irin wannan a jikin bakteriya aka dawo gare ta, aka ba ta kyautar Nobel a 1983, ita kaɗai.

Manomin Funtuwa da Malumfashi ya san sakamakon wannan musaya. Masara ta bunƙasa a yankin ne musamman bayan shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, da zuwan ingantaccen iri da takin zamani. A yau Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana fitar da ire-iren da ake kira SAMMAZ. Duk wanda ya shuka iri mai aure, ya ɗebi na baɗi daga abin da ya girbe, zai ga gonar ta fito ba daidai ba: wata karan dogo, wata gajere, goyo ya ƙanƙance, amfani ya ragu. Ba ƙasa ce ta gaza ba, gadon da aka haɗa a iri na farko ne meyosis ya warware ya sake rabawa. Da wannan rabon ne kuma masu ƙirƙirar iri ke neman haɗa jure fari da jure wuta-wuta a tsiro guda.

Yadda musayar ke farawa kuwa, a jikin yis ɗin burodi aka gano shi. A 1983 Jack Szostak da abokan aikinsa suka kawo ra'ayin cewa sai igiyoyin DNA biyu sun tsinke tare kafin a yi musaya. A 1989 aka ga irin wannan tsinkewa a wani gurbi na yis mai suna ARG4, a 1997 kuma aka gano cewa sinadarin Spo11 ne ke yin yankan da gangan. Kowace ƙwayar yis tana yanka kanta a wurare fiye da ɗari yayin meyosis, kuma yankan yana taruwa a wasu gurabe, mafi yawa kusa da mafarin ƙwayoyin gado. Masana suna kiran su gurabe masu zafi. Da an bi ta Hausa, matattarar musaya ta fi dacewa.

McClintock ba ta ga gano aikin Spo11 ba. Ta rasu ranar 2 ga Satumba, 1992, a Huntington ta jihar New York, tana da shekara 90.