Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ɗan Kwalejin Katsina

A birnin Katsina akwai wani tsohon gini na ƙasa wanda a yau aka mayar da shi gidan ajiye kayan tarihi. A cikinsa ne aka buɗe Kwalejin Katsina a shekarar 1921. Makarantar kwana ce da aka kafa domin horar da malamai. Daga baya aka mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda ake kiranta Kwalejin Barewa. Ɗaliban da suka kwana a wancan gini na farko sun riga mu gidan gaskiya, amma ana tunawa da su saboda ayyukan da suka bari. Daga cikinsu akwai Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista na farko a Nijeriya.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Bauchi. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, sunan mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Shi ba ɗan sarki ba ne, kuma bai tashi cikin dukiya ba. Kamar sauran yaran Musulmi, ya fara da makarantar allo, sa'an nan aka sa shi makarantar boko a garinsu. Da ya gama, aka kai shi Bauchi ya ci gaba da karatu. A wancan zamani an saba kiran ɗalibi da sunan garin da ya fito, domin a bambanta shi da masu suna irin nasa. Ta haka sunan garinsu ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Zamansa a Kwalejin Katsina

A shekarar 1928 aka zaɓe shi ya tafi Kwalejin Katsina. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka a kowace shekara, daga lardunan Arewa daban-daban. Kowane ɗalibi yana da lambar shiga, ta Abubakar ita ce 145. Karatun na shekara biyar ne, yaro kuwa ba ya ganin iyayensa sai lokacin hutu.

Zaman makarantar kwana ya koya masa abubuwa uku. Na farko shi ne kiyaye lokaci da bin doka, domin salla da karatu da wasa da barci kowanne yana da lokacinsa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu shi ne iya magana. Malaman kwalejin sun ba da ƙarfi ƙwarai ga Turanci, musamman furta kalmomi daidai da yin magana a gaban jama'a. Abubakar ya ƙware a wannan fanni, har daga baya aka riƙa yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Na uku shi ne zama da mutane. A can ya haɗu da 'yan Sakkwato da Barno da Kano da Neja da sauran wurare, waɗanda harshensu da al'adunsu suka bambanta da nasa. Ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Imam, wanda ya zama shahararren marubuci. Zumuncin da suka ƙulla suna samari ya amfane su a lokacin da suka ɗauki nauyin jama'a.

Malami kuma marubuci

Ya gama karatu a 1933, ya koma Bauchi ya kama koyarwa a makarantar midil, har ya zama shugabanta. A wannan shekara ce Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Malam Abubakar ya shiga gasar da littafinsa Shaihu Umar. Labari ne na wani yaro da aka raba shi da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara hamada da shi, ya girma ya zama babban malami. Mahaifiyar kuwa ta sha wahala mai yawa wajen nemansa. Littafin yana koyar da haƙuri da tsoron Allah, yana kuma nuna muguntar bauta. An fassara shi zuwa Turanci a 1967, an kuma mayar da shi fim a 1976.

A Bauchi ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Sukan taru da sauran 'yan boko su tattauna matsalolin jama'a. A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan, a Ingila, ya yi shekara ɗaya yana ƙaro ilimin koyarwa.

Shigarsa siyasa

Bayan dawowarsa aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Arewa, a 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta ƙasa a Legas. A 1950 ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, domin talakawa su sami bakin magana a kan yadda ake mulkinsu. Wannan magana tana da nauyi a wancan lokaci, musamman daga bakin wanda ba ɗan sarauta ba. Ya kasance cikin shugabannin jam'iyyar NPC, inda Sardauna yake shugaba, shi kuma mataimaki. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya Ministan Sufuri. A 1957 aka naɗa shi Firayim Minista, sai ya kafa gwamnatin da ta haɗa manyan jam'iyyu uku na ƙasa, domin a nemi 'yancin kai da murya ɗaya.

Ranar 1 ga Oktoba, 1960, ya karɓi takardun 'yancin kan Nijeriya a filin sukuwa na Legas. Bayan kwana shida ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Gwamnatinsa ta aika da sojoji Kongo domin kiyaye zaman lafiya, ta yi adawa da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ta kuma sa hannu wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963. A cikin gida, a zamaninsa aka buɗe sababbin jami'o'i a Nsukka da Zariya da Ife da Legas, aka kuma fara ginin madatsar ruwa ta Kainji.

Amma mulkin nasa ya gamu da rigingimu masu tsanani. An yi rikicin siyasa a Jihar Yamma a 1962, an yi jayayya kan ƙidayar jama'a, an kuma yi tashin hankali a kan zaɓen 1964 da na 1965. Masu sukarsa suna ganin bai ɗauki mataki da wuri ba. Masoyansa kuwa suna ganin mutum ne mai neman sulhu a lokacin da zukata suka yi zafi.

Rasuwarsa

A daren 15 ga Janairu, 1966, waɗansu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. A wannan dare aka kashe Sardauna a Kaduna da Cif Akintola a Ibadan. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanya, a wajen Legas. Aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. Ya rasu yana da shekara 53.

An shaide shi da sauƙin kai da gudun duniya, domin bai tara dukiya ba duk da girman muƙaminsa. A yau hotonsa yana kan takardar naira biyar. Filin da ya karɓi 'yancin kai a Legas yana ɗauke da sunansa, haka kuma jami'ar tarayya da ke Bauchi. Kabarinsa yana nan a Bauchi, ɗalibai daga sassan ƙasar nan suna kai ziyara. Allah ya ji ƙansa, amin.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran ɗalibai da sunan garinsu a wancan zamani?
2. Kawo abubuwa uku da ya koya a makarantar kwana.
3. Wane darasi littafin Shaihu Umar yake koyarwa?
4. Wane gyara ya nema a majalisa a 1950?
5. Ta waɗanne hanyoyi ake tunawa da shi a yau?