Charles Rothschild

Nathaniel Charles Rothschild (9 ga Mayu 1877 – 12 ga Oktoba 1923) ma'aikacin banki ne ɗan Ingila, amma an fi saninsa da nazarin ƙuma. A 1901 ya kamo wata ƙumar ɓera a Shendi, ƙasar Sudan, ya kuma yi bayaninta a 1903. Ita ce Xenopsylla cheopis, babbar mai ɗauko cutar annoba daga ɓera zuwa mutum. Kalmar cheopis daga sunan Fir'auna Cheops take, mai babbar dalar Giza.

Ya bayyana sababbin nau'o'i kusan 500. Ƙumar da ya tara, wajen 260,000, tana gidan tarihin halittu na Landan, kuma 'yarsa Miriam ce ta tsara kundinta.