Cicely Saunders, Likitar Waɗanda Aka Sallama

A Rano da Kibiya, idan likita ya ce a mayar da mara lafiya gida, kowa ya san nufinsa. Haka aka dawo mana da gwaggona, ciwon daji ya ci ƙarfinta, tana kwana nishi, ba mu da abin ba ta sai sannu. Tun lokacin tarihin Cicely Saunders ya tsaya mini a rai.

An haife ta a Ingila a 1918. Da aikin jinya ta fara, ciwon baya ya raba ta da shi. A 1948 ta riƙa zama wurin David Tasma, mutumin Folan da ke jinyar ajali, ya rasu ya bar mata fam 500. Ta koma karatu, ta zama likita a 1957, tana dab da shekara arba'in.

Ta nace a riƙa ba da mofin a kan ƙa'idar lokaci, kada a jira azaba ta dawo. Ta kuma lissafa fargaba da zullumin iyali cikin ciwon, abin da a ganina majinyatanmu suka fi ta sani. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan domin waɗanda magani ya gaza warkarwa. A can ta rasu a 2005, ita ma da ciwon daji.